Wasiƙar da Na Ƙunsa Cikin Kwantena

Ranar na shiga ɗan ofishinmu na Daura ina ji kamar babu na biyuna. Mu biyar ne, muna rubuta manhajar da ke aika wa 'yan kasuwar hatsi na Mai'adua labarin farashi. Ɓangaren manhajar da na rubuta kullum sai ya ƙi tashi a kwamfutocin abokan aikina. Na ce zan ɗaure shi cikin kwantena, wato ƙunshi guda mai ɗauke da duk abin da yake buƙata, kowa ya sauke ya kunna.

Maryam, abokiyar aikina, ta ce, "Malam, ka ware fayilolin da bai kamata su shiga ba?"

Na ce, "Haba Maryam, ni za ki koya wa?"

Na sa aka kwashe duk abin da ke cikin folda, na gina, na tura. Ashe a ciki har da wasiƙar barin aiki da na rubuta wata rana cikin fushi, ban aika ba. A cikinta na ce Oga Sani, mai kamfanin, bai san bambancin kwamfuta da talabijin ba.

Shi ya fara saukewa. Bai yi faɗa ba, ya dai kira ni ya ce a hankali, "Na karanta. Ka iya rubutu."

Babban muƙamin da ya yi mini alkawari, Maryam ya ba. Yanzu gaisuwa kaɗai ke haɗa ni da shi.

Har yau, da na ce zan tura sabuwar kwantena, sai wani ya ɗago kai ya ce, "Malam, wa aka zaga a wannan?"