Nomau da Tsofaffin Fayiloli Sittin

Ga ta nan, ku gyara zama, ba ta da tsawo.

A Tudun Maƙera, can bayan tashar mota, akwai wata mata mai daddawa, ana ce da ita Inna Tabawa. Mijinta ya rasu, 'ya'ya mata sun yi aure sun watse, saura ita da autanta Nomau, wanda ya ba talatin baya. Nomau ba mahaukaci ba ne, ba kuma malalaci ba. Abin da aka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi, ko da sama da ƙasa za su haɗe. Wurin aiki huɗu aka sallame shi. Kullum Tabawa in ta zauna bakin murhu tunaninta ɗaya ne: ranar da ta rufe ido, wa zai ci da wannan bawan Allah?

Ana nan sai Injiniya Sagiru, ɗan aminin marigayi, ya buɗe ofis a saman shagon masu gyaran waya. Aikinsu wata manhajar kwamfuta ce mai gwada sauran manhajoji kafin a ba jama'a, kamar dai yadda mace take ɗanɗana miya kafin ta zuba wa baƙi. Manhajar tana da takardun bayani sittin a cikin kwamfuta, su suke kira fayil. Sagiru ya ce tunda Nomau ya iya buga rubutu, ya zo a gwada shi wata guda, in ya yi, kujera tasa ce. Tabawa ta yi godiya har da ƙwalla, amma a ranta ta ce ruwa ba ya tsami banza. Balle da ta ji akwai wani Malam Lawandi a ofishin, mai ƙane zaune a gida ba aiki.

Wata rana Sagiru ya nuna wa Nomau fayilolin. Sunayensu abin kunya: wannan "sabo", wancan "sabo na biyu", wani "sabo na gaske". Ya ce, "Ka ba kowanne sunan da zai faɗi duk abin da ke cikinsa." Nomau ya ce to. Ya buɗe na farko, ya shiga kwafe shafin tun daga layin farko yana zubawa a gurbin suna, sai da kwamfuta ta ƙi karɓa. Ya zauna yana jiran ta huce. Da azahar Sagiru ya leƙo, ya dafe kai.

"Nomau, wannan suna ne ko huɗuba?"

"Yallaɓai, ko kwatan abin da ke ciki ban kai ba."

Da Tabawa ta ji labari ta ajiye ludayi. "Shi da bakinsa ya ce duk?"

"Shi ya ce, Inna."

"To tarko ne. Wa ke tsaye kusa da shi lokacin?"

"Malam Lawandi."

"Na sani!"

Wata rana kuma Sagiru ya rubuto sababbin sunayen da hannunsa, don a huta. Ya nuna masa mahaɗi, wato rubutun nan shuɗi da in ka danna yake kai ka wani fayil. Ya ce, "In suna ya canza, mahaɗi ya mutu. Saboda haka duk inda ka ga tsohon suna ka sa sabo. Duk inda yake." To, akwai fayil ɗaya da Malam Lawandi ya rubuta tun fil azal, don son a sani ya sa masa sunansa, "Lawandi". Sabon sunansa a takardar Sagiru shi ne "Matsaloli da Maganinsu". Nomau ya gyara shi a kowane mahaɗi, tsaf, ba kuskure. Sai ya wuce jerin sunayen ma'aikata ya gyara. Ya ɓare takardar da ke ƙofar Lawandi ya liƙa sabuwa. Har kofin shayinsa bai tsira ba. Washegari da safe ya russuna.

"Ina kwana, Malam Matsaloli da Maganinsu."

Kafin la'asar masu gyaran waya sun ɗauki sunan, mai shayi ya ɗauka. Lawandi ya rantse ko shi ko Nomau a ofishin nan. Tabawa ta kasa cin tuwo. Ta ce, "Da ma yana neman dalili, ga shi ka kai masa har gida."

Wata rana kuma, bayan an sasanta da ƙyar, Sagiru ya ce, "Ka danna kowane mahaɗi, ka bi shi har ƙarshe, ka ga inda zai kai ka." Nomau ya danna na farko, ya kai shi wani fayil. A can ma akwai shuɗin rubutu, ya danna. Wannan ya fitar da shi shafin wasu mutane a wata ƙasa, su ma da nasu shuɗin. Kwana uku yana abu ɗaya, in ban da salla ba ya tashi, Tabawa ce ke hawa matakala da kwanon abinci, tana haki tana hararar ƙofar Lawandi. Rana ta uku Sagiru ya tarar da shi yana karanta yadda ake kiwon kifi a cikin teku.

"Guda nawa ka duba?"

"Ina kan na farko, Yallaɓai. Ba shi da niyyar ƙarewa."

Nan fa haƙurin Sagiru ya kai bango. Ya ja Tabawa gefe ya ce, "Inna, don darajar Baba nake yi. Ranar Juma'a Hajiya Mansura za ta zo, shugabar makarantar da ke koyar da ɗalibai da manhajarmu. In ya sake kwafsawa, ki yi haƙuri." Tabawa ta ce babu komai, ɗana. Amma ta ga ƙanen Lawandi a gindin matakala, sanye da sabuwar shadda.

Wata rana, Laraba ce, aka ba Nomau aikin ƙarshe. An riga an kwafe komai zuwa sababbin sunaye, saura tsofaffin fayiloli sittin. Sagiru ya ce, "Ka goge su. Amma kada ka goge ko ɗaya sai ka tabbata babu mai nemansa." Nomau ya tambayi Lawandi, Lawandi ya ce ya ɓace masa da gani. Ya sauka ya tambayi masu gyaran waya. Ya tambayi mai shayi, shi kuwa ya ce, "Yau dai ba na nema, gobe kuwa sai Allah." Ya tambayi uwarsa, ta ce, "Kada ka goge komai! Ka goge, su ce ka yi ɓarna." Nomau ya ga mutanen Tudun Maƙera ma ba zai iya gama su ba, balle na duniya. Sai ya tuna yadda 'yan kasuwa ke yi in sun tashi daga shago, su rubuta da gawayi a ƙofa cewa sun koma bayan masallaci. Ya bi fayilolin ɗaya bayan ɗaya, ya kwashe abin da ke ciki, ya bar wannan: "Bawan Allah, in kai ne mai neman wannan, ya koma nan." Ya sa mahaɗi zuwa sabon. A ƙasa ya ƙara: "In ka gama nema ka sanar da Nomau, yana so ya goge."

Ranar Juma'a Tabawa ta yafa mayafinta na unguwa ta zauna a bencin ofis, wai ko kora ce a yi a gabanta. Lawandi ya riga kowa buɗe kwamfuta. "Injiniya, zo ka gani. Ko ɗaya bai goge ba!" Sagiru ya buɗe baki zai yi magana sai ga Hajiya Mansura ta shigo, riƙe da wani littafi.

Ta ce, "Injiniya, da na ji kun canza sunaye hankalina ya tashi. Littafin ɗalibai muka buga, kwafi ɗari biyar, duk da tsofaffin adireshin fayilolinku a ciki. Na ce shi ke nan, sun zama takardar ƙosai. Sai jiya muka gwada, kowanne ya nuna mana hanya. Wane ne Nomau?"

Sagiru, wanda ko a mafarki bai tuna da littafin ba, ya share gumi ya nuna shi da hannu. Lawandi ya shiga neman wani abu a aljihu.

Bayan tafiyarta Sagiru ya ce, "Inna, kujera ta zama tasa."

"A rubuce," in ji Tabawa. "Kuma wancan ya sa hannu a matsayin shaida."

Aka rubuta, Lawandi ya sa hannu kamar ana zare masa haƙori. Ta ninke takardar ta ƙulle a bakin zane, ƙulli biyu. Sai ta lura Nomau bai yi ko murmushi ba.

"Kai kuma mene ne, Auta?"

"Aikin bai ƙare ba, Inna. Mutum arba'in da uku sun rubuto sun ce kada a goge." Ya juya ya fuskanci kwamfuta. "Sauran mutanen duniya nake jira."

Nan na baro su, ƙurunƙus.