Ranar da Uwar Amshi Ta Rasa Murya

A shekarar da damina ta yi wa Dajin Ƙirya rowa, tafkuna suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya, har ya rage saura Tafkin Fada. Shi ma Kura, Ministar Ruwa, ta sa aka kewaye shi da dogon shingen ƙaya, wai don a kare shi daga ɓarna. Daga nan babu talakan da ya sake ganinsa, har wasu suka fara cewa ai shi ma ya ƙafe. Abin da dai bai taɓa yankewa a ƙasar ba shi ne jawabi.

Akwai wata jaka mai murya, sunanta Tasalla, ita ce uwar amshi. A al'adar ƙasar, idan Sarki Zaki zai yi jawabi, jakuna ake jerawa a sahun gaba. Duk inda ya dakata, uwar amshi ce za ta fara ɗaga murya, jakuna su bi ta, sannan sauran jama'a. Ba mai riga ta, ko da ya haife ta. Ladanta ƙwaryar ruwa ce bayan taro, kuma a bana ƙwaryar nan take nema ido rufe, domin nononta ya ƙafe, 'yarta Yalwa ba ta iya miƙewa sai an tallafe ta.

Ana gobe taro aka kira Tasalla majalisa don ta ji wuraren amshi. Ta tarar da Dila, mai shirya wa Sarki jawabi, yana ɗora shi a hanya.

"Ranka ya daɗe, kada ka ce talakawana. Ka ce 'yan'uwana."

Sarki ya yamutsa fuska. "Jakin ne ɗan'uwana?"

"Na yini ɗaya ne. Sannan ka ba su labarin yadda ka kwana da ƙishirwa kana yaro."

"Ban taɓa ba."

"Ai ba su nan lokacin. Kana zuwa nan sai ka goga albasa a ido, an tanade ta. Alkawarin rijiyoyi kuwa sau uku za ka faɗe shi, don duk abin da aka faɗa sau uku jama'a kan ɗauka an fara shi. Laifin fari kuma na raƙuma ne, baƙin da suka shanye mana ruwa."

Kura ta ce, "Raƙuma ai sun bar ƙasar tun bara."

"Shi ya sa ba za su musa ba," in ji Dila. Ya juya ga Tasalla. "A ƙarshe Sarki zai tambaya, wa ya shayar da ku? Ke kuma ki ce, kai ne. Ki ja shi da tsawo."

Tasalla ta durƙusa ta ce, "Ranki ya daɗe Minista, a taimaka a ba ni ƙwaryata yau. 'Yata ba lallai ta kai gobe da yamma ba."

Kura ta yi dariyar nan tata. "Bayan taro, baiwar Allah. Mun gwada mun gani, jakin da ya sha ruwa lalaci yake yi wajen amshi. Mai ƙishirwa ya fi ƙara." Majalisa ta yaba da wannan hikima, har aka ba da umarni kada a bar kowane jaki ya kusanci ruwa sai an tashi.

Washegari rana na tsaka aka cika filin da ke jikin shingen fada. Tasalla ta lallaɓo da Yalwa ta kwantar da ita a inuwar cikinta. Tsoro ya cika ta, don numfashin yarinyar sama-sama yake.

Sarki ya hau tudu, kuma a faɗi gaskiya, ya iya. Da ya ce "'Yan'uwana," sai da tsigar jikin Tasalla ta tashi, ita da ta ji lokacin da ake cinikin kalmar. Ta buɗe amshin farko da kyar, jama'a suka bi. Ya ba da labarin ƙishirwarsa ta yarinta, hawaye na zuba, tsofaffin tumaki suka taya shi kuka da idanun da ba ruwa.

"Za mu haƙa rijiyoyi," in ji Sarki. "Za mu haƙa rijiyoyi a gabas. Za mu haƙa rijiyoyi har sai jikokinku sun gaji da wanka."

Amshi na biyu ya fito a shaƙe. Sarki ya tsine wa raƙuma, amshi na uku ya fito kamar tari. Sai Sarki ya buɗe ƙirji, ya ɗaga hannu.

"Ku faɗa wa duniya, wa ya shayar da ku?"

Tasalla ta buɗe baki. Allah ya sani ta yi niyya, ƙwaryar Yalwa tana bayan kalmomin nan biyu. Amma harshenta ya manne, maƙogwaro ya ƙi. Ta sake yunƙurawa, ko iska ba ta fito ba. Jakuna suka zuba mata ido suna jira, jama'a suna jiran jakuna. Filin ya yi tsit, irin shirun da ba a taɓa bari ya faru a wajen taro ba.

A cikin shirun nan ne aka ji shi. Daga bayan shinge, 'ya'yan kuraye suna faɗawa ruwa, tsulum, tsulum, suna shewa. Ashe kullum ƙarar tana nan, amshi ne ke danne ta.

Kunnuwan Tasalla suka juya da kansu. Na jakin da ke gefenta ma suka juya, haka har ƙarshen sahu. Ta sa hanci ta ɗaga Yalwa, ta jingina ta da kafaɗarta, ta nufi shingen a hankali. Jakuna kuwa ba su san wata al'ada ba sai bin uwar amshi, don haka suka bi ta, jama'a suka bi jakuna. Kura ta yi ta ihun doka, amma da ta ga ɓauna a cikin masu tahowa sai ta tuna tana da wani uzuri. Shingen bai jure kofato ba.

Yalwa ta sa baki a ruwa. Tasalla ta tsaya tana kallon maƙogwaron 'yar yana motsi, sai da ta ga ta tsaya da ƙafafunta, sannan ita ma ta sha.

Dila ya iso yana haki. "Uwar amshi, tunda murya ta dawo, ki rufa mana asiri. Sarki na can tsaye, jawabin ba ya ƙarewa sai an amsa."

Daga can tudu, a gaban filin da ba kowa, muryar Sarki ta sake tasowa. "Na ce, wa ya shayar da ku?"

Tasalla ta yi gyaran murya, ta ji ta dawo garau. Ta dubi tudun, ta dubi Dila, sannan ta mayar da bakinta cikin ruwa.