Yadda Magidanci Zai Yi Langa Girmansa Bai Zube Ba

Kai mai iyali, ana ce maka Malam, amma in ka ga yara na langa sai ƙafarka ta hau ƙaiƙayi. Na san ciwon, kuma yana da cin rai. Bi waɗannan matakai, na yi maka alkawarin za ka yi tsallenka ka dawo gida a ci gaba da gaishe ka a durƙushe.

1. Jira dawa ta yi tsawo

Langa a gonar gyaɗa tonon asiri ce, daga kan titin Gwaram za a hango ka. Sai dawa ta shanye mutum da hularsa.

2. Fita da ɓacin rai

Saɓa fartanya, ɗaure fuska, ka ce wa uwargida: "Bari in je in ga ɓarnar da awakin nan suka yi." Ba a bin mai fushi gona.

3. Riƙe gajeren labari a waya

Na hutu ne, in numfashi ya ƙare. Gajere na ce! Wani a Wurno ya buɗe mai tsawo, sai da aka aika nemansa, aka same shi zaune a kan kunyar dawa yana kuka wai an kori jarumar daga aiki.

4. Naɗe riga, kama ƙafa

Kama ta ta baya, ka yi ta tsalle. Ka tuna doka: wanda ya saki ƙafa an cinye shi, ko da shi kaɗai ne a gonar.

5. In ka haɗu da surukinka

Yana faruwa. Malam Ikrima na Kiyako yana cikin tsalle ya ratsa dawa, sai ga Alhaji Muhsin, mahaifin matarsa Batulu, shi ma a kan ƙafa ɗaya, rawani ya warware. Dole a durƙusa wa suruki, amma durƙuso sakin ƙafa ne. Ikrima ya ce zai haɗa biyun. Ya fara sauka a hankali, idonsa a ƙasa.

"Baba, barka da... aiki."

"Yauwa. Ya iyali?"

Bai kai ga amsawa ba ya kife cikin kunya, ƙafar na hannunsa. Ya kwanta yana jiran a ce ya sako musu 'yarsu. Alhaji ya tsallako, ya tsaya a kansa yana kallon gefe.

"Ba ka saki ba?"

"Ban saki ba, Baba."

"To tashi, ba a cinye ka ba. Amma kada Batulu ta ji, ita ke kai wa uwarta rahoto."

Gargaɗi

In ka gurɗe, ka ce wa mai ɗori babur ne, kuma ni ban san ka ba. In an kama ka, matsalarka ce. Kada kuma ka nufi gonar Alhaji Muhsin bayan la'asar: mun cika, har liman yana jiran layi.