Yadda Na Rage wa Jirgin Baba Kilo

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa na so in manta, da wata Asabar da na sa farar shaddata mai sitaci, na fesa turare, na fita karɓar yabo. Amma bari in faro daga tushe, don ku san ba daga sama abin ya faɗo mini ba, ni na janyo wa kaina.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina aikin kargo a unguwar Deira da ke Dubai, a wani lungu bayan kasuwar Naif. 'Yan kasuwa su sayo takalma da jakunkuna su jibge mana, mu kuma mu ɗaure mu tura Kano. Duk wanda ya shiga wannan aiki, darasin farko da ake koya masa shi ne kwali nauyi ne, leda kuma cin wuri ce. Takalmi ya zo a kwalinsa, ka fitar da shi, ka zare takardar da aka cusa a ciki, ka haɗa hagu da dama, ka matse. A wannan fanni ba na jin akwai wanda ya kama ƙafata, har abokan aiki suna kirana Mai Rage Kilo (ni kuma ina amsawa da fara'a, to kun ga irin mutumin da kuke magana da shi).

A lokacin ina neman auren Zainabu, wadda ke aiki a wani kantin magani a Al Rigga. Ita ta amince. Matsalar mahaifinta ce, Injiniya Mahamadu, mutumin Maraɗi, wanda ya yi kusan duk rayuwarsa yana gyaran jiragen sama. Bai ce a'a ba, bai kuma ce e ba. In na durƙusa na gaishe shi sai ya amsa, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce da ɗan Faransancinsa, “Bon, ɗan Kano, ya kwalaye?” Wata takwas muna haka, kuma gaskiya abin yana ci mini rai.

Sai Baba, wato mahaifin nata, ya kusa ritaya, ya cika burin da ya daɗe da shi: ya sayi ƙaramin jirgi mai kujera biyu, irin wanda ake aiko wa mutum a wargaje cikin akwatunan katako, tare da wani ƙaton littafi, ya haɗa abinsa da hannunsa. Kujera ɗaya tasa ce. Ta biyun kuwa tun kafin kayan su iso Zainabu ta ce tata ce, ita za a fara ɗauka. Ya kama hayar wani sito a unguwar masana'antu, wurin babu komai sai siminti da zafi. Da na ji yana cewa yana neman wanda zai taya shi shirya wurin, kafin ya rufe baki na ce ga ni.

Kuma wallahi da farko na yi ƙoƙari. Mun haɗa dogayen tebura biyu, ya ɗora ma'auni a kai ya tabbatar ba su karkace ba. Na kafa kantoci a bango, na rataya fitilu, na ja wa injin iska wurinsa a lungu don kada ƙararsa ta dame mu. Na yi allon rataye kayan aiki, na zana siffar kowace guduma da kowace sifana a inda za ta zauna. Baba ya tsaya gaban allon ya daɗe, sannan ya ce, “Wanga ya yi.” Kalmomi uku ne, amma ranar ko abinci ban iya ci sosai ba don daɗi.

Wannan yabo shi ya kai ni ya baro. Aiki ya riƙe Baba kwana biyar, sai ya miƙo mini makulli. Ya ce in jera fallayen ƙarfen fukafukai a kan kanta, in share ƙasa, ranar Asabar zai zo da wani abokinsa su duba kayan ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya nuna wani ƙaramin akwati ya ce, “Wancan ka bar shi yadda yake.”

Na bar shi kwana biyu. A rana ta uku na ce bari dai in leƙa.

Abin da na gani ya ɓata mini rai. Ƙananan ledoji ne fal, sun fi ɗari biyu, kowace da 'yar takarda mai lamba. Wata leda noti huɗu ne kawai a ciki. Wata ƙusa shida. Na ce a raina, su waɗannan masu jirgi ilimi gare su, amma ba su iya ɗaurin kaya ba. Nan take na koma Naif na sayo durowoyin roba masu haske, irin na masu sayar da maɓalli, na dawo na zauna na farke ledojin nan kaf. Na ware su da ido yadda nake ware takalma, na rubuta wa kowace durowa suna da kyakkyawan rubutu: Ƙanana, Matsakaita, Dogaye, Masu Ruwan Zinare. Ledojin da takardunsu na tura a baƙar leda na kai bola.

Akwai wani ɗan abu da ya faru a tsakiyar aikin, wanda a lokacin ban ɗauke shi komai ba. Gwiwar hannuna ta ture durowar Matsakaita ta zube a ƙasa, daidai inda ragowar notuna da sukurorin da na sayo a shagon kayan gini don kafa kanta suke warwatse. Na sa tsintsiya na tattara duka, na hure ƙura, na mayar cikin durowa. Ai noti noti ne.

Na ɗauki hoto na tura wa Zainabu. Ta rubuto, “Baba ya sani?” Na ce so nake ya zo ya gani da idonsa. Ta ce, “To.” (Maza, ku ji shawara: in mace ta rubuto muku “to” ita kaɗai, ku tsaya ku sake tunani.)

Asabar da hantsi suka iso su uku: Baba, da Zainabu riƙe da fulas ɗin shayi, da abokin nasa, wani dattijon Balarabe tsohon matuƙi da kowa ke kira Kaftin. Na riga na lulluɓe durowoyin da zani. Bayan gaisuwa na ce, “Baba, akwai ɗan abin da na ƙara.” Na yaye zanin, na ja da baya na harɗe hannu ina jira.

Kaftin ya matso ya karanta rubutuna duk da ba ya jin Hausa, ya dubi akwatin da babu komai a ciki, ya ce a hankali da Larabci, “La, habibi,” wato a'a, masoyina.

Baba bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya jawo durowar Ƙanana, ya ɗauki ƙusa biyu ya ɗora a tafin hannunsa.

“Ɗan Kano, waɗanga ɗaya ne?”

Na ce, “Ɗaya ne, Baba.”

Ya ciro ma'aunin ƙarfe daga aljihu ya gwada su ya nuna mini. Bambancinsu bai wuce kaurin farce ba. Ya ce, “In ka sa gajeren a wurin dogon, a ƙasa ba za ka gane ba. A sama za ka gane.” Sannan ya buɗe littafin ya nuna mini: kowane rami a jikin jirgin yana da lambar ledar da za a ɗauko ƙusarsa, kuma takardar ledar ce ke faɗin tsawo da kauri da irin ƙarfen. Abin da na kira shara shi ne sunan kowane abu.

“Ina ledojin?”

“Suna... bola, Baba.”

Ban jira wata magana ba, na fita da gudu. Bolar irin ƙatuwar nan ce ta ƙarfe da muke tarayya da wani gidan abinci na kusa, kuma cikin ikon Allah motar shara ba ta kwashe ta ba tukuna. Watan Yuli ne. Wanda ya san Dubai ya san abin da rana ke yi wa ragowar biriyani a cikin ƙarfe. Na ɗare bakinta na miƙa hannu, ban kai ba, na ƙara miƙawa, sai ga ni a ciki gaba ɗaya, kai ƙasa ƙafa sama. Na tona kofunan shayi da ɓawon albasa da ƙashin kaza har na cafko baƙar ledata. Da na miƙe tsaye, hulata ta karkace, shinkafa a kafaɗa, miya tun daga ƙirji har aljihu, sai na ga su ukun a tsaye suna kallona. Kaftin ya dafe bango yana dariya har da hawaye. Zainabu ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Baba ne kaɗai bai yi dariya ba.

Ya karɓi ledar ya leƙa ciki, ya ce, “Bon. Tunda takardun suna nan, za a iya gwada kowace ƙusa a mayar da ita gidanta. Aiki ne kawai.”

Da na yi shiru a nan, da an wuce wurin. Amma a daidai lokacin na tuna da tsintsiyar nan. Babu wanda ya gani. In na faɗa, na san auren nan ya tafi, don wa zai ba da 'yarsa ga mutumin da aka ce kada ya taɓa akwati, ya taɓa, ya zubar, ya kuma cakuɗa da notin kanta? In kuma na yi shiru, wata rana notin shagon kayan gini zai iya shiga fiffiken jirgi. Na dubi Zainabu, na tuna kujera ta biyu. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

Ina nan tsaye a cikin bola na ce, “Baba, akwai sauran magana.” Na faɗa masa komai, idona a kan ɓawon albasa.

Kaftin ya daina dariya da Zainabu ta fassara masa. Baba ya tambaya, “Wace durowa?” Na ce Matsakaita. Ya koma ciki, ya ɗauko wata kwalbar zuma da ta ƙare, ya juye durowar gaba ɗaya a ciki ya murɗe murfi. Ya ce waɗannan ba za su taɓa tashi sama ba, ko da mafi yawansu na gaskiya ne, sai an aiko da sababbi, kuma hakan zai ja aikin baya da wata biyu ko fiye. Sannan ya dube ni ya ce, “Fito daga nan, ka je ka yi wanka.”

Asabar bakwai na yi a kan tebur ɗin nan da ma'auni a hannu, ina gwada ƙusa ɗaya bayan ɗaya, Baba yana sake gwadawa a bayana, muna mayarwa a sababbin ledoji. Ba ya hira, ni kuma ba ni da bakin yi. Zainabu ma ta rage kirana, na ce shi ke nan, aikin gyaran ɓarna kawai nake yi kafin a sallame ni.

Ranar da muka rufe leda ta ƙarshe, ya ɗauko kwalbar zumar nan ya ajiye a gabana. Ya ce, “A wurin aikinmu kowa yana kuskure. Wanda muke kora shi ne wanda ya yar da abu cikin inji ya yi shiru. Wanda ya zo ya ce ni na yar, shi muke ba makulli.” Ya gyara tabarau. “Ka ce wa manyanka su zo. Wagga kuma ka tafi da ita, taka ce.”

Na so in yi godiya mai tsari, amma sai kawai na rungume kwalbar ina gyaɗa kai.

Yau shekararmu biyu da aure. Jirgin bai tashi ba tukuna, an gama jela da fiffike ɗaya, kuma matsayina a wurin ya ƙaru: ni ke riƙe ƙarfe ta baya in Baba yana buga ƙusa, amma har yanzu shi ke buɗe leda. Kwalbar tana kan talabijin ɗinmu, baƙi suna ɗauka ado ce. Abin da na koya shi ne gwanintar mutum tana da iyakar unguwa, tawa kuma a Naif ta tsaya. In na ga leda mai lamba yanzu, hannuna aljihu yake komawa.

Sai dai hali ba ya mutuwa. Kwanan baya na shiga kicin na ga ƙullin kayan yaji sun fi ashirin, kowane a ledarsa, na fara kwancewa ina neman kwalba ɗaya da za ta ɗauke su duka. Zainabu ta tsaya a bakin ƙofa, ta kalle ni, ta ce, “Baba ya sani?”

Na ɗaure su yadda na same su.