Rasuwar Ɗan Aike, Mai Kawo Muryar Inna Shago

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da har yanzu bai kwanta ba, Auta mai ɗinki take sanar da 'yan uwa na kusa da na nesa, da maƙwabta, da duk mai kaya a shagonta, rasuwar Ɗan Aike, wanda ya riga mu gidan gaskiya ranar Asabar da yamma bayan doguwar jinyar da ba tasa ba ce.

Ga wanda bai san marigayin ba, ɗan ƙaramin abin sauraro ne mai ɓari biyu, ba waya a tsakaninsu, irin wanda ake ajiyewa kusa da jariri. Ɓari ɗaya yana kan durowar gefen gadon Inna a saman bene, ɗayan kuma yana kan teburin keken ɗinki a shagon da ke ƙasa. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Inna, shi ne ya ba Auta damar zama 'ya da tela a lokaci guda. 'Ya'yan Inna biyar ne, amma a cikinsu babu wanda ya kai shi zama a ɗakin nan.

Marigayin mai riƙon amana ne. Bai taɓa ƙara wa magana gishiri ba, bai taɓa cewa ya gaji ba, abincinsa caji kaɗan. Ta bakinsa Auta take jin tarin Inna, da ƙarar cokali a jikin kofi, da kiran nan da ta haddace. "Auta, zo ki juya ni." "Auta, ƙudan nan ya dawo." Wani lokaci kuma, bayan ta tsayar da keke ta kasa kunne, sai ta ji, "Ba komai, 'yar nan, so nake in ji ko kina nan."

Ciwon ajalinsa ya faro ne ranar da Yaya Babba, wanda ke zaune inda sai da jirgi ake zuwa, ya aiko da akwatin intanet domin ya riƙa ganin Inna a waya. Ya ba da umarni a kafa shi a bango daidai saman durowa, don hoto ya fita tas. Aka kafa shi, taƙi ɗaya tsakaninsa da ɓarin marigayin na sama. Daga ranar muryar Ɗan Aike ta fara shaƙewa. Kiran Inna ya koma "Au... zo ki..." sai shuuu, kamar an zuba ruwa a tafasasshen mai.

Auta ta kai shi wurin mai gyara. Ya buɗe shi, ya gwada, ya ce lafiyarsa ƙalau. Abin da ya bayyana mata shi ne, marigayin da akwatin intanet da 'yan abubuwan saƙalawa a kunne, har da injin ɗumama abinci, duk hanya ɗaya suke bi a cikin iska, kuma in hanya ta cika, mai ƙaramar murya ake takawa. Magani kuwa mai sauƙi ne: ko a nisanta akwatin, ko a shiga saitinsa a mayar da shi wata hanyar.

Shiga saitin sai da lambar sirri, lambar kuma tana hannun Yaya Babba, wanda ba ya so kowa ya taɓa masa abu. Ya ce zai duba in ya samu sarari. Nisanta akwatin kuma ya ce ba zai yiwu ba, hoto zai riƙa yankewa. Sau ɗaya Auta ta zare shi daga soket. Kafin rana ta faɗi saƙonni sun cika zauren dangi na waya: tana ɓoye musu mahaifiyarsu, ko akwai abin da ba ta so a gani ne? Ƙanwa ce, ba ta da bakin ja da manya. Ta mayar, ta koma hawa da saukar bene har gwiwoyinta suka fara ƙara.

Ranar da abin ya faru, jikoki sun zo gaishe da kaka. Suka gaishe ta daga bakin ƙofa, suka baje a falo, kowa da fim a wayarsa da abu a kunnensa, uwarsu kuma tana kicin tana ɗumama musu abinci. Auta ta ga gida cike da mutane, ta saki jiki ta zauna kan wata riga da aka matsa mata a kanta. Ɗan Aike bai ce komai ba sai shuuu. Da shirun ya yi mata yawa ta ɗauki ɓarinsa na shago a hannu ta hau sama, ta tarar da Inna a ƙasa tsakanin gado da durowa, muryarta ta dushe saboda kira, ƙugunta ya karye. Bango ɗaya ne tsakaninta da jikokinta.

Iyalan mamacin ba za su ɓoye yadda ya cika ba. Auta ce ta ɗaga shi ta jefi akwatin intanet da shi da duk ƙarfinta. Jifa ba sana'arta ba ce. Ya daki bango ya tarwatse, akwatin kuwa ko ƙwarzane bai yi ba, yana nan yana ƙyafta fitilunsa. Wanda ba shi da laifi shi ya tafi, kuma wannan yana ci mata rai fiye da yadda za ta iya faɗa wa kowa.

Marigayin ya bar ɗan uwansa, wato ɓarin da ke kan durowa, wanda har yanzu fitilarsa take kunne, yana sauraro ba shi da wanda zai gaya wa. Ya bar caja guda, da Inna wadda yanzu ba a iya barinta ita kaɗai ko na ɗan lokaci, da tela mai barci a kan kujera. Yaya Babba ya aiko da hoton fuska mai hawaye, ya kuma yi alkawarin sabo wanda ya fi wannan tsada. Lambar sirrin dai bai aiko ba.

Za a tattara gawar a gwangwanin maɓallai, a sa ta a durowar keke ranar Litinin da safe. Ba a karɓar ta'aziyya ta kiran bidiyo. Mai son yi ya hau bene da ƙafarsa, ya kashe wayarsa a bakin ƙofa, ya zo da niyyar karɓar Auta ko da na yini ɗaya ne. Waɗanda suka kawo ɗinki kuma su zo kafin lokacin su kwashi yadinsu yadda suka kawo shi, domin tare da marigayin za a rufe shagon.