Fitilu Shida a Goshin Motar Ɗalhatu

Ku matso da tabarma ku ji abin da ya faru a rumfar Shitu mai gyaran wayar mota, can bayan tashar Rano.

Ɗalhatu mutumin Kibiya ne, shekara talatin da biyu yana jan a-kori-kura guda ɗaya, yana ɗebo albasa da gero daga ƙauyuka tun kafin rana ta fito. A bana motar ta koyi wani hali. Da rana lafiya lau take tafiya, amma da ya kunna fitila sai ta fara shaƙewa, in ya taka ta ta yi kamar za ta mutu, sannan ta zabura. Sau biyu tana tsaya masa a tsakiyar titi. Babban ɗansa Mujahid ya ce in aka yi na uku zai karɓe makulli, Baba ya zauna a gida. Ɗalhatu ya canja fulogi, ya sa an wanke kafireto, duk a banza. Da ya rasa yadda zai yi, sai ya nufi wurin Shitu, taubashinsa, ɗan ƙanwar mahaifinsa, wanda rabon da su yi wa juna magana mai daɗi tun suna yara.

Ɗalhatu ya ce, "Lafiya lau, bawana. Har yanzu kana nan kana ƙona wa mutane motoci?"

"Ina nan, ubangidan da bai taɓa ciyar da bawa ba. Wannan gawar fa, wanka ka kawo a yi mata ko salla?"

"Gawar da ta kai uwarka asibiti sau uku."

"Shi ya sa ba ta ƙara lafiya ba."

Suka yi dariya kaɗan, irin ta wajibi. Ɗalhatu ya faɗi abin da ke damun motar, ya rantse man da ake sayarwa yanzu ne ba shi da kyau. Shitu ya ce fetur bai san dare da rana ba, ya za a yi ya jira sai an kunna fitila? Ya sa shi ya tada injin. Ya auna batir, yana da wuta. Ya danna fanbel da yatsa, a ɗaure yake tamau. Ya duba altaneta, tana caji gwargwadon shekarunta. Sannan ya ce a kunna fitila. Nan take ƙarar injin ta faɗi, motar ta hau karkarwa.

Shitu ya zagayo gaba ya tsaya. Ban da fitilu biyu da aka ƙera motar da su, akwai wasu huɗu an ɗaure a jikin ƙarfen gaba, biyu na babur, biyu irin manyan nan na tirela.

"Mota ce wannan ko filin ƙwallo?"

"Ado ne. Bawa bai san ado ba."

"Wa ya haɗa maka?"

Ɗalhatu ya ce wani ne a Kibiya. Shitu ya bi wayar fitilun da hannu har cikin injin. Wayar gida ce, irin ta ƙwan lantarkin ɗaki, an murɗa ta a kan wayar da ke kai wuta kwayil, an naɗe da leda. Ya kira Ɗalhatu ya nuna masa: duk wutar da fulogi ke jira, fitilun nan ke shanye ta a hanya, shi ya sa injin ke shaƙewa. Ya ce ko yaron da ya fara koyon aiki jiya ba zai yi wannan ɗaurin ba, wannan aikin mai tsoron a gan shi ne.

"Ka ga inda ta fara narkewa?" in ji Shitu.

"Na gani."

Yatsan Shitu kuwa ba a kan waya yake ba, a kan murfin ruwa ya ɗora shi. Ya ɗago ya dubi idon ɗan'uwansa da kyau, ya ga farin da ya kwanta a kan na dama, na hagu ma ya soma.

"Tun yaushe, makaho?"

"Ubanka ne makaho."

"Ubana ya mutu yana zura zare a allura. Tun yaushe?"

Da wani ne ya faɗi haka, da an raba su da sanda. Amma taubashi ba a fushi da shi, kuma Ɗalhatu ya san shi ya sa ya yi wata biyu yana kewaye rumfar nan. Ya zauna a kan tsohuwar taya. Ya ce tun damina. Fitila ɗaya ya fara ƙarawa, da ya ga bakin titi yana ɓace masa ya ƙara wata. Ya roƙi Shitu ya ja musu waya mai kauri daga batir, ya yi aikin yadda ya kamata, kada Mujahid ya ji.

"Aikin minti ashirin ne," in ji Shitu. "Motar za ta daina shaƙewa. Sai ka samu gudun da za ka bi ta kan 'yan makaranta a ƙauyen Saji."

"Ban taɓa taka ko kaza ba."

"Wadda ka gani."

Shitu ya miƙa hannu ta taga ya kashe motar, ya zare makulli, ya jefa a aljihu, yadda taubashi ke fizge hular taubashinsa a kasuwa ba mai cewa ya mayar. Ya ce gobe zai rufe rumfa ya kai shi asibitin ido a Kano, in an kankare yanar idon ya karanta masa lambar mota daga tsallaken titi, ya zo ya karɓa. In ba haka ba, shi ke nan.

"Ɗana ma sai da ya ba ni sau uku," in ji Ɗalhatu.

"Ɗanka kunyarka yake ji. Ni ba na ji."

Ɗalhatu ya yi wata dariya da ba ta kai ciki ba. Ya ce akwai rabin buhun albasa a baya, bawa ya sauke ya kai wa matarsa, tunda yau ya ci ubangidansa da yaƙi. Ya tashi ya nufi inda ake hawa motar Kibiya, yana tafe a hankali, hannunsa na dama yana ta laluba aljihun da ba komai a ciki.

To ku da kuke zaune, in ku ne da makullin nan a aljihu, kuma likita ya ce ido ɗaya ne zai dawo, za ku mayar masa?