Yadda Za Ka Horar da Masu Duba Shafin Intanet Don Makafi, Ko da Ba Ka San Komai Ba

Albishirinka! Bi matakan nan sau da ƙafa, na yi maka alkawari kafin azahar an fara kiran ka ƙwararre. An gwada su a kan Jamaluddeen mai shagon fotokwafi a Bagudo, kuma yana nan da ransa.

Mataki na 1: Duba aikin da kai ka yi

Jamaluddeen ne ya haɗa wa wata ƙungiyar manoman shinkafa ta Kaoje shafin intanet, inda waɗanda ambaliya ta cinye wa gona za su yi rajistar irin shuka kafin Juma'a. Sai masu ba da tallafin suka ce ba za su saki iri ba sai an horar da mutanen da za su duba ko makaho da kurma da mai rawar hannu na iya amfani da shafin. Madam Florence, sakatariyar ƙungiyar, ta tambayi wa ya iya. Jamaluddeen ya ɗaga hannu.

Kai ma ɗaga. Wanda ya dafa miya shi ya fi cancanta ya ce ta yi daɗi.

Mataki na 2: Tanadi majigi

Majigi rabin ilimi ne. Cika bango da rubutun Turanci ƙanana, ka tsaya gabansa kana nuni da biro. In shafin ya ƙi buɗewa, ka ce sabis ɗin Benin ne ya shigo wayarka. Nan kusa da iyaka babu mai ƙaryata ka.

Mataki na 3: Raba takardar sa hannu tun kafin a fara

Ranar Laraba mutum goma sha biyu suka zauna. Jamaluddeen ya raba takarda mai cewa an duba shafi, ba shi da aibi. Ya ce su sa hannu yanzu don kada a yi cunkoso lokacin cin abinci.

Mataki na 4: Kada ka gayyaci wanda abin ya shafa

Nan ne ya yi sake. Madam Florence ta gayyato Malama Zubaida, makauniya mai sana'ar turara shinkafa, wadda gonar gidansu na cikin waɗanda ruwa ya shanye. Ta ture takardar, ta ciro wayarta mai karanta mata duk abin da ke kan allo.

"Malam, mi za ni sa ma hannu ban ji shi ba? Ba ni adireshin."

Ya ba ta, yana murmushin da bai kai ciki ba. Wayar ta fara: "Hoto. Hoto. Maɓalli. Maɓalli. Maɓalli."

"Wane na rajista cikinsu?"

"Koren nan, Malama."

"To. Bari in shinshina in ji wane ne kore."

Aka kwashe da dariya. Can wayar ta iso babban hoton da ke saman shafin. Da yake bai rubuta masa bayani ba, sai ta karanto sunan da hoton ya zo da shi daga inda ya kwafo: shinkafar Tailan.

Baba Ma'azu, shugaban manoman, ya miƙe a hankali.

"Jamalu, shinkafa 'yar waje ka liƙa muna bisa kai? Wadda muka kwashe shekaru muna kuka da ita?"

Mataki na 5: In an rutsa ka, ka ce da gangan ne

"Gwaji ne, Baba," in ji Jamaluddeen. "Na so in ga ko za ku gano."

"Madalla," in ji Malama Zubaida. "Tunda gwaji akai, zo a gwada ka."

Ta karɓi ɗankwalin Madam Florence, aka ɗaure masa idanu, ta ɗora masa wayar a hannu, ta ce ya yi wa mahaifiyarsa rajista, ita ma ai manomiya ce. Ya shafe rabin awa yana lalube. Sunan tsohuwar ya faɗa gurbin lambar waya, ƙauyensu ya koma sunan miji. Da ƙyar ya kai ƙarshe, sai shafin ya ce ya zaɓi hotunan da ke da fitilar kan titi, don a tabbatar shi mutum ne.

"Haka irin shafukan ga ke tambaya ta kullum," in ji ta. "Ɗiya biyar na haihwa, na'ura na shakkar ko ni mutum ce. Mu bakwai ne marasa gani cikin ƙungiyar ga, Malam. In Juma'a ta wuce, bana ba mu da shuka."

Wannan karon babu wanda ya yi dariya. Jamaluddeen ya kwance ɗankwalin, gumi ya jiƙa shi sharkaf.

"Malama, ina zan fara?"

Mataki na 6: Wannan ba dole ba ne

Yini biyu ya rufe shagonsa. Yana gyarawa Malama Zubaida tana saurare, tana cewa "sake". Kowane maɓalli ya samu suna, kowane hoto ya samu bayani, bidiyon shugaba ya samu rubutu a ƙasa don kurame. Baba Ma'azu ya kawo buhun shinkafarsa, ya tsaya a kai har aka ɗauki hoto. Ranar Juma'a da hantsi su bakwai ɗin suka yi rajista da hannunsu.

Da aka shirya horo na biyu a Illo, Malama Zubaida aka ba kujerar malami. Jamaluddeen ma an gayyace shi. Shi ake ɗaure wa idanu.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ruwansa da duk abin da ya same ka, ko kunya ce, ko hawan jini, ko fushin manoma. Wanda ke da ƙorafi ya aiko a rubuce, amma ya tabbata wayar Malama Zubaida na iya karantawa, don yanzu ita ke duba wasiƙu.